Yadin da Mutari Ya Aiko Daga Arewa

Sai da muka wuce Arlit na fara faɗin sunan mijina da bakina. Shekara goma sha uku muna tare ban taɓa kiransa ba. Malam nake cewa, in da baƙo kuma in ce maigida. Ranar mun tsaya shan ruwa a inda babu itace ko ɗaya, kowa ya raɓe a inuwar motar, sai wata tsohuwa ƴar Kance ta tambaye ni wa nake nema a arewa. Na ce Malam. Ta yi dariya har bidon, wato jarkar ruwa, ya kusa kuɓuce mata.

"Ƴar nan, Malam nawa ne a Aljeriya? Faɗi sunan, ba mai jin ki sai rairayi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Mutari." Sunan ya fita ya tafi cikin fili, ba abin da ya tare shi. Na ji kamar na fito ƙofar gida ba lulluɓi.

Ni Habsu ce, daga Birni, cikin Damagaram. Mutari tela ne. Kullum da yamma yakan dawo da ƙullin ƙyallayen da suka rage a shago, ni kuma in harhaɗa su in yi bargo. Fuskar bargo ba ta cin kuɗi, tunda ƙyalle ne da za a zubar. Tsakiya kuma tsofaffin zannuwa ne ko auduga. Abin da ke cinye ribar shi ne shafi, wato yadin da ake sa wa a baya, wanda ke taɓa jikin mai barci. Yadin kasuwarmu siriri ne, sai an yanka falle uku an haɗa kafin ya rufe bayan bargo ɗaya. Kowane haɗi yana cin yadi, yana cin zare, a ƙarshe kuma a bar ki da guntun da ba ya komai. In bargon ya tsufa, ta wurin haɗin nan yake fara yagewa, mai shi ta dawo tana yi miki kallon kamar ke kika yage shi.

Da gwanjo ya cika kasuwa, ɗinki ya ja baya, Mutari ya tafi arewa neman aiki. Shekarar farko kowace Juma'a yana kira, amma bai taɓa faɗin sunan garin da yake ba. Sai ga wani direba ya kawo mini ƙulli daga wurinsa. Na kwance a tsakar gida, na yi ta warwarewa, yadin bai ƙare faɗi ba. Sai da na kira maƙwabciyata ta kama gefe ɗaya. Metir uku saura kaɗan, ba haɗi ko ɗaya, launinsa shuɗi mai haske irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Da iska ta shiga ƙarƙashinsa ya tashi ya rufe mu, yarana biyu suka shige ciki suna ihu. Da yamma ya kira.

"Habsu, kin gani? Falle ɗaya, ba haɗi. Metir ɗinsa ya fi namu tsada, amma biyu da rabi kawai za ki yanka a maimakon bakwai. Gwada ki gani."

Na gwada a bargo ɗaya, na ga gaskiyarsa. Wannan ce magana ta ƙarshe da muka yi. Daga nan salularsa ta daina shiga. Wata goma sha huɗu. Wasu suka ce ya yi aure a can, wasu suka fara ba Inna, mahaifiyarsa, shawarar a yi masa sadaka. Inna ta daina cin tuwo sai kunu. Sai na yanki gefen yadin, tsawon kamu ɗaya, wurin da zare kore yake bi ta bakinsa, na ɗaure a ƙugu, na bar yaran wurin ƙanwata, na kama hanyar arewa nemansa.

Tamanrasat gari ne da duwatsu baƙaƙe suka kewaye, masu tsini, ba irin namu na Birni masu santsi da awaki ke hawa ba. Da safe suna yin ja, da rana su dushe kamar za su narke. A tashar da aka sauke mu na yi ta nuna hoton Mutari a salula ga duk wanda na ji yana Hausa. A rana ta biyu wani mutum ya zo ya durƙusa gabana ya gaishe ni da harshen gida tsantsa. Ya ce sunansa Sanda, ya ce iyayensa mutanen wajen Takieta ne.

"Ke ce matar Mutari? Dogon nan mai wushirya? Allahu akbar! Ai tare muka ci abinci watan jiya."

Ban tuna cewa rabin tashar sun ga hoton ba. Ya ce Mutari yana can wurin haƙar zinariya cikin duwatsu, inda waya ba ta shiga, ƙarshen wata yake saukowa. Ya ce kafin nan akwai gidan da zan zauna in ɗan taimaka da wanki, ba sai na kwana a tasha ba. Ya karɓi salulata zai sa mata layin ƙasar.

Gidan na wankin barguna ne. Ana kawo su daga masaukan baƙi, manya masu gashi, in sun sha ruwa mace ɗaya ba ta iya ɗaga su. Mu huɗu ne, sauran ukun ba sa jin Hausa. Daga fitowar rana har la'asar hannunmu yana cikin ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Fatar yatsuna ta tsage. Duk bargon da na ɗaga sai na juya shi in dubi bayansa, haka kawai, saboda sabo. In na shanya su a kan soro sai in tsaya a tsakaninsu, suna kaɗawa, in rufe ido in ji kamar a tsakar gidanmu nake, har in jiyo dakan maƙwabta da ƙamshin daddawa. In na buɗe ido sai duwatsun nan baƙaƙe.

Ƙarshen wata ya zo, Sanda ya ce hanya ta lalace. Ya ce salular tana wurin gyara. Uwar gidan ba ta taɓa miƙo mini komai ba sai burodi da miyar wake, na zaci haka aka shirya.

Soron da ke kusa da namu na wata Buzuwa ne, sunanta Lalla, tana ɗinkin jakunkunan fata. Ta yi zama a Agadas, tana jin Hausa. Kullum tana ganina, sai ran nan ta miƙo mini ɗan gwangwanin man shanu ta kan katanga, ta nuna hannuwana. Ina shafawa ta ce, "Ke ce ta uku da mutumin nan ya kawo. Ta farko ɗanta take nema. Duk ƙarshen mako yana zuwa ya karɓi ladan aikinku."

Na ce ai ya san mijina.

"To ki tambaye shi abin da ba ya cikin hoto."

Da Sanda ya zo na gaishe shi da kyau, na kawo masa ruwa. Na ce, "Malam Sanda, har yanzu maigidan yana shan tabar nan tasa? Ina jin tsoron ƙirjinsa."

"Kai, bari kawai," in ji shi. "Kara ba ya barin bakinsa. Na yi faɗa har na gaji."

Mutari ko hayaƙin murhu ba ya so. Na dube shi, ya dube ni, ya gane. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Kin ci, kin kwana a ɗaki. Wasu a kwalbati suke." Na ce ya ba ni salulata. Ya ce wace salula. Ya fita, ban sake ganinsa ba. Hoton ya tafi, lambobin sun tafi, sai ta ƙanwata da na haddace. Abin da ya rage mini na Mutari shi ne guntun yadin da ke ƙuguna.

Lalla ta ɗauke ni gidanta kwana biyar. Ita ce ta ce in daina tambayar mutane labarin mutum, in tambayi masu yadi labarin yadi. Muka bi layin ƴan yadi shago shago. Yawancinsu suka girgiza kai. Wani tsoho mai tabarau ya karɓa, ya murza, ya ɗaga shi ga haske, ya bi zaren koren da farce. Ya yi magana mai tsawo da Larabci. Lalla ta ce, "Ya ce wannan ba na tufafi ba ne, masu ɗinkin bargon auduga ne ke sayensa a dunƙule. Ya ce a nan ba a yi. Ki tafi Gardaya."

Na ce, "Da nisa?"

Ta ce, "Kamar ki sake tahowa daga gida."

Wan Lalla, Gali, direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana kai fatu arewa. Ya yarda ya ɗauke ni saboda ita. Ya yi mini wuri a baya tsakanin ɗaurin fatun, ya ce in motar ta tsaya in ji muryoyi, kada in motsa. Kwana uku muka yi. Warin fata ya shiga har cikin haƙorana. Ta wata ƴar kafa a jikin tantin motar nake kallon duniya: dutse, rairayi, dutse, sai fili fari fat wanda ba shi da iyaka. Da tsakar rana ruwa yakan bayyana can gaba, shimfiɗe, yana ƙyalli. Na san ba ruwa ba ne, amma idona bai yarda ba. Rana ta biyu na ga ƴata tana tafe a kan ruwan da tulu a ka, sanye da zanen da na bar ta da shi, ba ta sauri, ba ta waiwaye. Na kira ta. Motar ta yi tsalle a rami, sai ga fili kawai.

A In Salah gidajen jajaye ne kamar an gina su da garin barkono, ruwan garin kuma gishiri gare shi. Gali ya tsaya a bayan gari ya bar ni in miƙe ƙafa. Wata mata tana zaune a ƙofar gidanta tana tsince dabino. Ta dubi ƙafafuna cikin silifa, sun yi fari don sanyi. Ta shiga ciki ta fito da safa, ɗaya ja ɗaya ruwan toka, ta durƙusa ta sa mini da hannunta. Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa. Ta cika mini gefen mayafi da dabino, ta dafa kaina, ta koma ga tsintarta.

Gardaya ta fito mana da hantsi, daga cikin kwari. Gidaje farare da shuɗaye da masu ruwan ƙasa sun hau kan juna har saman tudu, kamar ƙoren da aka kife don su bushe, hasumiya ɗaya a can ƙoli. Matan garin suna tafe cikin farin mayafi, ido ɗaya kawai a waje, ba a jin takunsu. Na daɗe ina tsammanin barci nake yi a cikin fatun.

Wasu matan ƙasarmu suka ba ni wurin kwana a wani kango da suke haya a bakin gari. Da safe su tafi nasu nema, ni in shiga kasuwa. Lungunan ƙanana ne, suna juyawa suna komawa inda suka fito. In na miƙa hannu da guntun yadin, sai mutum ya sa mini tsaba a tafi ba tare da ya duba ba, don sun saba duk baƙar mace da ta miƙa hannu bara take. In mayar masa, in nuna yadin, in ce, "Mutari." Wani ya yi fushi. Wani ya yi dariya. Sunan da na yi shekaru ina ɓoyewa a baki, na faɗe shi a garin nan ya fi sau ɗari.

Rana ta shida na ɓata. Na bi wani lungu mai hawa, na gaji, na jingina da bango. Sai na ga wasu ƴan farare suna yawo a iska, suna sauka a hankali kan mayafina. Na kama ɗaya. Auduga ce. Daga wata ƙofa shuɗiya take fitowa, tana bin hasken rana. Na leƙa. Ɗaki ne mai tsawo, barguna jibge har rufi, wani tsoho mai farar hula da wando mai faɗi yana zaune a ƙasa da allura doguwa kamar tsinke. A bayansa, jingine da bango, ga dunƙulen yadi sun fi mutum tsawo. Na uku daga dama shuɗi ne.

Na miƙa masa guntun. Ya karɓa ya dubi zaren koren. Ya ɗago ya dube ni tun daga safa har goshi. Sai ya buɗe baki ya ce da Hausa, da irin jan muryar mutanen Birni, "Falle ɗaya, ba haɗi."

Maganar mijina ce, da muryarsa, a bakin tsohon da ban taɓa gani ba. Na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyya ba.

"Habsu?" in ji tsohon. Na gyaɗa kai. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Bakir." Daga baya na ji kowa Ammi Bakir yake ce masa, wato kawu. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga wani labule a ƙarshen ɗakin, ya nuna mini tsakar gida, shi bai biyo ni ba.

Mutari yana zaune a rana, ya ba ni baya, yana tsince ƙwaya daga tulin auduga. Ya rame. Furfura ta fito masa a ƙeya. Audugar ta sauka a kansa da kafaɗunsa. Na tsaya ina kallon yadda yake aikin da hannun hagu, a hankali, na dama kuma yana cikin aljihun wata babbar riga.

Na ce, "Malam."

Bai juyo ba. Hannun ya tsaya cak. Ya ce, "A'uzu billahi," a hankali, kamar mai korar mafarki.

"Ni ce. Juyo."

Duk hanyar nan na shirya kukan da zan yi in na same shi. Da ya juyo na ga yana da rai, yana da ƙafafu, yana da bakin magana, sai wani abu mai zafi ya taso mini a maimakon kukan.

"Kana raye? Kana raye ka bar Inna tana shan kunu wata goma sha huɗu? An ce a yi maka sadaka! Yaranka sun daina tambaya, ka san abin da wannan yake nufi? Ko auren ka yi? Ina take? Fito da ita in gaishe ta!"

"Habsu, yi hankali."

"Ba zan yi ba. Na wanke bargunan Tamanrasat duka, na kwana cikin fatu."

Ya zaro hannun daga aljihu, ya ja hannun rigar sama da haƙora. Daga wuyan hannu babu komai. Wurin ya warke, ya yi santsi, an naɗe fatar an ɗinke.

Ya ce injin shiɓar auduga ne. Kwana kaɗan bayan maganarmu ta ƙarshe. Zare ya naɗe a ciki, ya sa hannu zai cire bai kashe ba, don yana sauri. Ammi Bakir ya kai shi asibiti, ya yi jinyarsa, ya hana shi tafiya, ya ce ya zauna ya yi abin da zai iya.

"Na ɗauki salula sau nawa," in ji shi. "In ce me? Tela ba hannu? Na ce bari in koyi ɗinki da hagu tukuna, in kira da labari mai daɗi. Wata ya wuce, ban iya ba. Wani ya wuce. Da aka daɗe kuma sai kunyar shirun ta fi ta hannun."

Na durƙusa na kama dungun da hannu biyu. Yana da ɗumi. Ya so ya janye, na riƙe. Na ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin? Bai iya ba. Dubi yadda ya tattare." Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba, sai muka yi duka biyun.

A ranar, kafin la'asar, na karɓi salular Ammi Bakir na buga lambar ƙanwata, na ce ta ruga ta kai wa Inna. Na sa masa a kunne na riƙe. Ina jin muryar Inna ƙarama daga can tana cewa, "Wane ne? Wane ne?" Bakinsa yana motsi, ba abin da ya fito. Na taka masa ƙafa. Ya ce, "Inna, ni ne." Sai ta ce, "Ka ci abinci?"

Lokacin sanyi ya riga ya shigo, aiki ya yi wa tsohon yawa, idonsa kuma ya fara rauni. Ya miƙo mini allurar nan doguwa don ya gani. Na yi masa layi ɗaya. Ya juya bargon ya duba baya, ya ce da Hausarsa ta aro, "Madalla." Muka zauna wata huɗu. Ni ina ɗinki, Mutari yana shimfiɗa auduga yana danne yadi da gwiwa, yana yi mana tafinta. A wurin tsohon na koyi abin da waya ba ta faɗa mini ba. Yadi mai faɗi sai an jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, don yana shiga. Ba a bin almakashi har ƙarshe, ana ɗan tsaga bakin ne a yage, sai ya bi zarensa ya miƙe. A bar tafin hannu ɗaya a kowane gefe, a naɗo shi kan fuskar bargon ya zama baki, ba sai an sayi wani abu ba. Ɗan abin da ya rage a yi rigar matashi. Ba abin da ake zubarwa.

Da hantsi rana takan shigo ta wata taga a sama, audugar tana iyo a cikin hasken, mu uku muna aiki ba mai magana. Wani lokaci in ɗaga kai in rasa a wace ƙasa nake. Matar Ammi Bakir, wadda ban taɓa ganin fuskarta a waje ba, takan aiko mana da shayi da wani tuwon tsaki mai kabewa. Na ci, na gode, amma fura nake mafarki.

Da sanyi ya fara ja da baya muka ce za mu tafi. Ammi Bakir ya tambaye ni ladan aikina, a kuɗi ko a yadi. Na nuna dunƙule biyu, shuɗin da wani mai ruwan madara. Ya ƙara mana allurai uku. A bakin ƙofa ya rungume Mutari ya daɗe, ya ce masa wani abu da Larabci wanda har yau bai fassara mini ba.

Hanyar dawowa ma ta ci mu, amma mu biyu ne. Dunƙulen sun fi kowace mota da muka shiga faɗi, kullum sai an yi rigima da direba. Mutari yana zaune a kansu, hannunsa cikin aljihu tun daga Gardaya har Tanut. A gida Inna ta shafa shi tun daga kai, da ta zo wurin hannun ta tsaya, ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da shafawa. Yaran suka yi kwana biyu suna leƙensa daga nesa, sannan suka saba. Shi ne bai saba ba. Wata biyu bai wuce zaure ba. In abokansa teloli sun zo gaisuwa sai ya sa babbar riga, ko ana zafi. Masallaci ma sai wanda ke bayan gida, ya tsaya a ƙarshen sahu.

Ni kuwa na yi barguna tara da sabon shafi. Ran wata Lahadi na ce masa zan kai kasuwar Mirriya, kuma ba zan iya ɗaukar barguna da dunƙule ni kaɗai ba. Ya ce in nemi wani. Na ce na nemi wani har Gardaya, shi na samo. Ya sa rigarsa.

Muka shimfiɗa a ƙarƙashin wata bishiya kusa da masu tabarmi. Ya zauna a baya kamar ba tare muke ba. Mata suka fara taruwa, suna juya bargunan, suna neman haɗin ba su gani ba. Wata Hajiya mai ƙiba, wadda ita ma ɗinkin bargo take yi, ta bi bayan ɗaya da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ƙarya ne. An ɓoye haɗin ne a cikin ɗinki. Ba a saƙa yadi mai faɗin haka ba, ni na girme ki a sana'ar nan."

Na ce falle ɗaya ne. Ta ce in rantse. Mutane suka ƙaru, ana dariya. Na juya zan warware dunƙulen, ya fi ƙarfina, ya karkace zai faɗi cikin ƙasa.

Sai na ga Mutari ya miƙe. Ya tare shi da kafaɗa, ya kama bakin yadin da hagu, ya danne ɗaya gefen da dungun, ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa. Hannun rigar ya zame har gwiwar hannu. Kowa ya gani. Yadin ya wuce shi ta kowane gefe, ya zubo ƙasa, iska tana kaɗa shi.

Ya dubi hannun, ya dubi mutanen. Bai rufe ba.

"Hajiya," in ji shi, "ko lokacin da suke biyu cif, ba su kai ƙarshensa ba."

Wani tsoho mai tabarmi ne ya fara dariya, sai ta bazu. Hajiya ta ce, "To, Malam, yanko mini biyu da rabi in gwada." Ya ce mini, "Habsu, tsaga bakin." Na tsaga, ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya ja da hagu, yadin ya yage fiit, miƙe sambal har ƙarshe. Ya naɗe shi a kan dungun ya miƙa mata, ya ɗaga murya ya ce, "Saura wa?"